Kayan Gonarmu a Manyan Kantuna: Me Ya Hana Su Shiga?

Duk ma'aikacin da ya karɓi albashi a ƙarshen wata, ya biya ta wani babban kanti a Kano ko Kaduna ko Abuja don ya yi wa gida sayayya, zai ga abin da ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kansa. A kan kanta ga tumatirin gwangwani an jera shi reras, ga madarar gari, ga taliya, ga tufa wadda aka ɗauko tun daga Afirka ta Kudu, kowanne da kuɗinsa a manne. Amma in ya nemi daddawar da za a yi masa miyar kuka, ko acca, ko man gyaɗa irin wanda matan ƙauye ke matsewa, sau da yawa sai ya fita ya nufi kasuwa. Abin mamaki kuwa shi ne gonakin da ake noma waɗannan abubuwa ba su fi tafiyar sa'a ɗaya ko biyu a mota daga ƙofar kantin ba.

Wannan al'amari ba sabo ba ne. Dattawan ma'aikata suna tune da zamanin kantunan Kingsway da Leventis, inda galibin abin da ake sayarwa daga Ingila ake kawo shi, mutum kuwa in an gan shi ya fito daga ciki riƙe da kaya sai a ce ya waye. Abin da ya sake a yau shi ne, a ƙasashen da muka koyo wannan ɗabi'a daga wurinsu, masu hali sun juya suna neman abincin da aka noma kusa da garinsu, ko wanda aka noma ba tare da takin zamani da maganin ƙwari ba, har suna biyan kuɗi fiye da na sauran. Watau abin da kakanninmu suka yi ta ci ba su ɗauke shi a bakin kome ba, shi ne ya zama abincin 'yan gata a can.

YADDA ABIN YA FARO A TURAI DA AMURKA

Irin wannan noma Turawa suna kiransa oganik. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tushensa wani masanin tsirrai ne ɗan Ingila, Sir Albert Howard, wanda ya yi shekaru yana aiki a Indiya. An tura shi ne don ya koya wa manoman can dabarun zamani, sai ya tarar akwai abin koyo a wurinsu, musamman yadda suke mayar da kashin dabbobi da ragowar amfanin gona cikin ƙasa. Ya wallafa littafinsa a kan haka a 1940. A 1946 aka kafa ƙungiyar Soil Association a Ingila, a 1962 kuma wata Ba'amurkiya, Rachel Carson, ta fito da littafin da ya tayar da hankalin jama'a game da ɓarnar da magungunan ƙwari irin su DDT ke yi wa tsuntsaye da ruwa da mutane. Ƙungiyar duniya ta masu wannan noma, IFOAM, a Faransa aka kafa ta a 1972.

Da farko 'yan ƙananan shaguna ne ke sayar da irin wannan abinci. Kantin Whole Foods ya soma ne da shago ɗaya a birnin Austin na jihar Texas a 1980, amma a 2017 kamfanin Amazon ya saye shi a kan dala biliyan 13.7. Ganin akwai riba, sai manyan kantunan da aka sani da araha, irin su Walmart a Amurka da Aldi da Lidl a Jamus, su ma suka ware masa kanta.

Sai dai fa ciniki irin wannan ba ya yiwuwa da fatar baki kawai, domin mai saye ba zai dubi karas ya gane yadda aka noma shi ba. Saboda haka gwamnatoci suka shiga tsakani. Ƙasashen Turai sun yi dokarsu a 1991, ka'idojin Amurka kuma suka soma aiki a 2002. A Amurka sai gona ta shekara uku ba a zuba mata sinadarin da aka hana ba kafin a yarda a kira amfaninta oganik, ga mai duba gona yana zuwa kowace shekara, ga littafin da manomi zai riƙa rubuta duk abin da ya sa wa gonarsa. Wanda ya manna tambarin ba da izini ba, tara ce ke jiransa.

KALMOMI BIYU DA AKE RUƊAWA

A nan ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu. Abincin gida shi ne wanda aka noma kusa da inda za a ci shi. Abincin oganik kuwa maganar yadda aka noma shi ake yi, ko da daga wata uwa duniya aka kawo shi. Tumatirin Kadawa na gida ne a wurin mutumin Kano, amma an yi masa feshi, an kuma zuba masa takin zamani. Tufar da ta zo daga Turai da tambarin oganik kuwa ta yi tafiyar dubban kilomita kafin ta iso.

Haka kuma bai kamata a ɗora wa oganik abin da bai ce zai yi ba. A 2012 masu bincike na Jami'ar Stanford sun tattara nazarce-nazarce fiye da ɗari biyu, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ya fi sauran abinci gina jiki ba, amma sun tarar ba a cika samun ragowar maganin ƙwari a jikinsa kamar sauran ba. Ta fuskar yabanya kuma, abin da gonar oganik ke bayarwa yakan gaza na gonar takin zamani da kimanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu, gwargwadon irin shukar. Ƙasar Siri Lanka ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A watan Afrilun 2021 gwamnatinta ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa da na ganyen shayi suka faɗi, kafin shekarar ta ƙare dole aka janye dokar, aka koma sayen shinkafa daga waje.

Mu kuwa a nan matsalarmu ma ba yawan taki ba ce. Sa'ad da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006, abin da manomin ƙasashen kudu da Sahara ke zuba wa kadada ɗaya bai wuce kilo 8 ba a matsakaici, suka ƙudura a kai shi kilo 50. Don haka duk wanda ya ce manominmu ya jefar da buhun takin da ya samu da kyar, bai yi masa adalci ba.

ABIN DA MUKA GADA

Duk da haka muna da gado mai daraja. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne taki. A da, da rani jakuna kan shigo birni da itace, su koma da mangala cike da toka da shara da kashin awaki. Bayan girbi manomi kan gayyaci Fulani su sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki. Ana haɗa gero ko dawa da wake a kunya ɗaya, shi kuwa wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ba a sare gawo, domin yakan zubar da ganyensa da damina, shuka ta sami rana da taki a ƙarƙashinsa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin irin waɗannan itatuwa su tofo a gonakinsu.

Kayan miyarmu da yawa, kamar kuka da kalwar daddawa da tsamiya da ɗinya, daga itatuwan da ba wanda ya taɓa yi musu feshi ake samun su. Bature zai kira su oganik, mu kuwa ba mu da takardar da za mu nuna.

INDA GIZO KE SAƘA

To amma kada mu yaudari kanmu da cewa duk abin da ya fito daga gonarmu lafiyayye ne. Sau da yawa ɓarnar ba a gona take aukuwa ba, a ɗakin ajiya ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, shi kuwa wake ƙwaro ba ya barinsa, cikin 'yan watanni sai ya huje shi. Don gudun hasara wasu 'yan kasuwa kan yayyafa masa maganin ƙwari mai ɗauke da sinadarin DDVP, irin wanda ke cikin fiya-fiya. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Iyakar abin da dokarsu ta yarda a samu shi ne miligiram 0.01 a kowane kilo, amma a wasu buhunan an sami har miligiram 4.6, watau ninki 460. A 2016 aka ƙara wa hanin shekara uku. Abin tambaya shi ne, waken da Turawa suka ƙi, da ɗan'uwansa wanda bai taɓa barin ƙasar ba, wa ya ci su? Mu ne muka ci, a ƙosai da alale da shinkafa da wake na makarantun kwana.

Ba wake kaɗai ba. Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba kafin a adana su, sukan yi fumfuna mai haifar da gubar afalatoksin, wadda ke jawo ciwon dajin hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe ta. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid na masu walda. A Kano an daɗe ana shayar da wasu lambuna da ruwan Jakara da na Getsi, waɗanda ke kwaso dattin gari da na masana'antun Bompai. Latas da kabejin da aka shayar da wannan ruwa na gida ne ƙwarai, amma ba mai cewa tsabtatattu ne.

Maganin wasu daga cikin waɗannan matsaloli yana nan, kuma ba shi da tsada. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, sun ƙirƙiro buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In aka zuba wake aka ɗaure kowane ruɓi tamau, iska takan ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. An yaɗa buhun, wanda ake kira PICS, a ƙauyukan Nijeriya da Nijar. Dabarar ba ta yi nisa da ta iyayenmu mata ba, waɗanda kan cuɗa wake da toka ko yashi su rufe a tukunya. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta fito da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar gyaɗa da masara.

ABIN DA MAI KANTI KE BUKATA

Yanzu bari mu shiga takalmin ciniki ta wajen mai kanti, domin shi ma yana da uzurinsa. Kanti yana son kaya iri ɗaya, girma ɗaya, a kowane mako na shekara. Yana son a kawo su a ƙunshe, da nauyi a rubuce, da lambar NAFDAC in abin sarrafaffe ne, da ranar da zai lalace. Sa'an nan yawanci ba ya biya nan take, sai bayan makonni. Manomin da ke da kadada ɗaya, wanda ke jiran kuɗin kwando goma don ya biya 'yan ƙwadago, ba zai iya wannan jira ba. Gara ya kai Kwanar Gafan ko 'Yankaba, dillali ya ba shi kuɗinsa a hannu, ko da an taya masa da wulaƙanci.

Tumatir shi ne babban misali. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, Kura da Kadawa da Bunkure suka zama gidan tumatir. Daga Janairu zuwa Maris kasuwa kan cika har a rasa mai saye, da damina ta kama kuwa sai ya yi tsada ya gagari talaka. Ana ɗora kwanduna kan kwanduna a babbar mota, a yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, na ƙasa ya matse ya ruɓe tun a hanya. Masana sun sha ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa ba ya kaiwa tukunya. Shi kuwa na gwangwani, wanda aka daɗe ana shigo da markaɗensa cikin ganguna daga ƙasar Sin, ba ruwansa da rani ko damina.

An yi ƙoƙarin gyara. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka gina don ta markaɗe tan 1,200 a yini. A wannan shekarar ce kuma tsutsar Tuta absoluta, wadda wasu suka laƙaba wa Ebolar tumatir, ta afka wa gonaki, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar kuma ta tsaya don rashin kaya. Manoma suka yi ta ƙara feshi, tsutsar ba ta ji ba. Gwamnati ma ta gwada nata. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana ba da kuɗin waje ga masu shigo da kaya iri 41, cikinsu har da shinkafa da tumatirin gwangwani, sa'an nan aka janye hanin a watan Oktoban 2023. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka soma buɗe su a Disambar 2020. Injinan casar shinkafa sun ƙaru a Kano da Kebbi da Jigawa, shinkafar gida wadda aka tsince wa tsakuwa ta sami wuri a kan kanta, amma farashi bai sauko wa mai albashi ba.

Shi kansa babban kanti ba shi da tabbas a ƙasar nan. Shoprite ya buɗe reshensa a rukunin shagunan Ado Bayero da ke Kano a 2014, ya rufe shi a watan Janairun 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Dawanau da Singa da 'Yan Lemo kuwa suna nan suna ci. Wannan ya nuna mafi yawan abincinmu a kasuwa da ƙananan shagunan unguwa ake sayensa, don haka gyaran da bai isa can ba, 'yan ƙalilan kawai zai amfana.

MAFITA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da manomi ɗaya ba zai iya ba, ƙungiyar gama kai ta manoma hamsin za ta iya. Za su iya tara kaya wuri ɗaya, su ware manya da ƙanana, su sayi akwatunan roba a maimakon kwando, su jeranta shuka yadda kaya ba za su yanke ba, su kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da kanti ko otal ko makaranta. Shi kuma mai kanti, in da gaske yake yi, sai ya rage wa'adin biya ga ƙananan manoma, ya rubuta a kan kanta inda kaya suka fito: albasar Aliero, dankalin Bokkos, cittar Kachiya, zoɓorodon Maigatari. Sunan gari a jikin kaya yakan sa mutanen garin su kiyaye mutuncinsa.

Game da shaida kuwa, kuɗin ɗauko mai duba gona daga Turai ya fi ƙarfin manominmu, sai dai mai fitar da riɗi ko zoɓorodo zuwa waje. Amma akwai wata hanya wadda Brazil da Indiya suka amince da ita a hukumance, inda manoman ƙungiya ɗaya tare da masu sayen kayansu ke duba gonakin juna, wanda aka kama da maguɗi a cire shi. Wannan bai bambanta da yadda sarakunan sana'a ke tsawata wa 'yan sana'arsu a kasuwanninmu ba.

Gwamnati kuma ita ce babbar mai sayen abinci, domin tana ciyar da makarantun kwana da asibitoci da gidajen gyaran hali. A 2009 Brazil ta yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta a wurin ƙananan manoma za a kashe shi. Da jihohinmu za su sa sharaɗi ɗaya tak a kwangilar abincin makarantu, cewa ba za a karɓi wake ba sai wanda aka adana a buhu mai ruɓi uku, da 'yan kasuwar hatsi sun sake hali cikin kaka ɗaya. Wannan aiki ne na ma'aikatan da ke rubuta takardun kwangila, waɗanda da yawansu suna karanta wannan shafi.

Ɗalibai ma suna da rawar takawa. Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna da ɗakunan gwaje-gwaje, ga ɗaliban noma da kimiyyar abinci suna neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Auna ragowar magani a waken kasuwar garinsu, da sanar da hukuma da jama'a abin da suka gano, ya fi a kwafo abin da wani ya rubuta a kan gonakin da ba su taɓa gani ba.

Kai kuma maigida, da ke uwargida, rigakafi ya fi magani. Ku sayi wake da kaka sa'ad da yake sabo da araha, ku adana shi da kanku a buhun da aka ambata ko a jarka mai murfi. Waken da ke warin magani a bar wa mai shi. A wanke ganye da kyau kafin a ci shi ɗanye. A guji gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci. In kuna da mai kayan miya da kuka saba da shi, ku tambaye shi daga ina yake sarowa, da wane ruwa ake ban-ruwa. Ran farko zai yi mamaki, amma in mutum goma suka tambaye shi, shi ma zai tambayi wanda ya sayar masa, har tambayar ta isa gona.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa wa abin da muke ci albarka. Amin.